Teku a Hannun Dama

Shekara talatin da huɗu Baba Ƙa'ida ya yi yana tuƙa manyan wani kamfanin inshora, kuma a duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takawa ba. Manaja bakwai ya ɗauka ya sauke. Wasu sun tafi da girma da arziki, wasu takardar sallama aka miƙa musu a bakin ƙofa, shi kuwa yana nan da farar rigarsa da tsumman goge gilashi a aljihun baya. A garejin kamfanin aka laƙaba masa sunan, don idan ka ce masa ya ɗan taka mota an makara, sai ya ce maka, "Ba ƙa'ida ba ce," ya ci gaba da tafiyarsa. Tun ana faɗa a bayan idonsa har ta kai matarsa ma da sunan take kiransa idan ya ba ta haushi.

Masu ganin tuƙi juya sitiyari ne kawai ba su san mutumin nan ba. Shi kafin ya yi tafiya sai ya fara yin ta a takarda. Yana da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango, a ciki yake zana hanya, ya sa inda gidan mai yake, inda kwalta ta fashe, inda za a tsaya a yi salla. Abin da ya fi ba abokan aikinsa dariya shi ne har rana yake lissafawa. Oga a kujerar baya ta hannun dama yake zama, saboda haka Baba Ƙa'ida yakan zaɓi lokacin tashi yadda rana ba za ta doki wannan gefen ba. Ogannin ba su taɓa sanin haka ba, su dai sun san idan shi ya ja su ba sa isa da ciwon kai. Yana kuma da doka biyu da ya kafa wa kansa. Ba ya kallon mai zaman baya ta madubi, kuma duk abin da aka faɗa a bayan nan, a nan yake mutuwa.

Ƙa'idar nan ta taɓa ja masa abin gori na har abada. Ranar da matarsa, wadda kowa a layin yake kira Inna, ta fara naƙudar 'yar autarsu, wata Lahadi ce da la'asar, kuma motar kamfani na ajiye a ƙofar gida da mai cike da tanki saboda sammakon da za a yi washegari. Baba Ƙa'ida ya dubi motar, ya dubi matarsa, ya ruga bakin titi ya taro tasi. Amana ce, in ji shi, ba tasa ba ce. An sauka lafiya, amma a gadon asibitin Inna ta ce masa, "Malam, da a tasin nan na haihu, da Ƙa'ida zan sa a raɗa wa yarinyar." Kunya ta kama shi, ya yi mata alkawari a wurin cewa ranar da ya sayi motar kansa, ita ce a gaba, kusa da shi, ba wanda zai riga ta. Motar ba ta taɓa zuwa ba. Karatun 'ya'ya biyar ya cinye ta tun tana shagon masu sayarwa, kuma bai taɓa nadamar hakan ba, sai dai alkawarin yana nan yana ci masa rai.

A kicin ɗin Inna, sama da inda take jera kofuna, akwai wata tsohuwar kalanda da wani kamfanin taya ya raba wa direbobi. Kwanakin cikinta sun wuce da shekara goma sha tara, amma Inna ta hana a cire ta saboda hoton. Hanya ce siririya ta bi gefen dutse, a ƙasanta ruwa shuɗi har iyakar gani, can gaba kuma wani farin dutse a tsaye cikin ruwan shi kaɗai. Inna ba ta taɓa ganin teku ba. Garinsu ko babban kogi babu. Idan tana jiran ruwa ya tafasa takan tsaya ta zuba wa hoton ido, wani lokaci ta ce, "Wai da gaske akwai wuri haka, ko dai zane ne?" Hayaƙi ya dafa hoton har shuɗin ya fara komawa ruwan toka, ita kuwa duk Juma'a sai ta goge shi da tsumma.

Bayan Baba Ƙa'ida ya ajiye aiki da shekara biyu, Inna ta fara karo da gefen ƙofa. Da farko dariya aka yi, aka ce tsufa ne. Da aka je asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ɓarna a ɓoye. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa yana tsukewa a hankali, abin da ke gabanta sak take gani, kamar mai leƙe ta kafar makulli, kuma hasken rana idan ya doke ta kai tsaye komai fari yake koma mata. Likitan ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage gudun abin amma ba zai tsayar da shi ba. Baba Ƙa'ida, mutumin lissafi, ya tambaye shi saura wata nawa. Likitan ya ce Allah kaɗai ya sani, amma in akwai abin da take son gani, kada a jinkirta.

Auta, wadda aka kai Inna asibiti a tasi don haihuwarta, yanzu nas ce a wata ƙasa ta tsallaken ruwa. Ranar da suka yi waya ta bidiyo Inna na kicin, yarinyar ta hango kalandar a bayan uwarta, ta ce a matso da wayar. Ta ƙura wa hoton ido, sannan ta ce, "Inna, ai na san wurin nan. Abokan aikina suna zuwa. Daga garin da nake, tafiyar awa huɗu ce." Kafin sati ya zagayo ta fara neman musu biza. Matsala ɗaya ce, ita ko keke ba ta iya ba, kuma asibitin ba za su ba ta hutu ba sai na kwana biyu, na tarbarsu da na rakiya. Ta ce za ta nemo direba.

"Direba?" in ji Baba Ƙa'ida. "Ina raye?"

Daga ranar teburin falo ya tashi daga na cin abinci. Mutumin da bai taɓa tsallake iyakar ƙasarsu ba, bai taɓa shiga jirgi ba, ya sa Auta ta aiko masa da taswira ta takarda, don ya ce taswirar cikin waya ba ta da amana, in caji ya ƙare ta gudu ta bar ka. Ya je ya yi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ya sa aka gwada masa idonsa shi ma. Ya sayi sabon littafi mai baƙin bango. Kullum bayan karin kumallo sai ya ɗora tabarau a karan hanci, ya ɗauki zare yana bin hanyar da shi kwana-kwana, ya miƙe zaren a kan rula ya fitar da nisa. Auta ta sha tambayoyi har ta gode Allah. Shataletale nawa ne daga filin jirgi zuwa bakin gari? A gidan mai, kai kake zubawa ko zuba maka ake yi? Otal ɗin yana da matakala? In akwai, guda nawa, kuma akwai abin dafawa? Ta ce, "Baba, ni fa allura na iya." Ya ce ta tambayi masu gadin asibitin, su sun fi likitoci sanin hanya.

Tsarin da ya fitar kuwa, duk wanda ya san aiki ya gani sai ya jinjina. Kwana uku ne. Ba za su wuce tafiyar awa biyu da rabi a rana ba, don idon Inna yana gajiya. Da safe kawai za su yi tafiya, su miƙa yamma, rana na bayansu, kafin ta juyo ta dame ta sun isa masauki. Ya sa alamar jan biro a wurare goma sha ɗaya da ake iya fakin a tsaya a kalli ruwa, kowane da mintin da za a yi, har da lokacin ɗiga magani. Babban abin alfaharinsa shi ne ya juya tafiyar yadda tekun zai kasance a hannun dama tun daga inda hanya ta kama bakin ruwa har ƙarshe. Hannun dama ne gefen fasinja, hannun dama ne idonta mai gani. A saman shafin farko ya rubuta da manyan baƙaƙe, Inna a gaba. Bai nuna mata ba, amma ya yi ta buɗe shafin yana rufewa kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi.

Ya san a ƙasar can hannun hagu ake bi, sitiyari kuma a dama yake. Wannan tun a gareji ya sani, kuma bai raina abin ba. Saura sati biyu su tashi ya ce sai an yi gwaji. Ya jera kujerun cin abinci huɗu a tsakiyar falo, biyu gaba biyu baya. Ya ari murfin babbar tukunya ya zama sitiyari, muciya ya kafa a cikin bokiti ta zama giya, ya ajiye ta a hagunsa don hannun ya saba. Inna na kallonsa daga ƙofar kicin tana cewa Allah ya sa maƙwabta kada su shigo. Don abin ya cika, ya ɗauko wani shuɗin zanenta ya shanya a kan doguwar kujera ta hannun dama, ya ce ga teku nan. Sannan ya zauna a kujerar dama ta gaba, ya buga ta hagu da tafin hannu.

"Bismillah, Innar yara. Gaba, kamar yadda na ce."

Ta zo tana lalube ta zauna, tana dariya ƙasa-ƙasa. Ya tayar da mota da baki, ya sa giya, ya duba madubin da babu. Sun yi tafiya mai ɗan nisa a tsakiyar falon kafin ta juyo dama, ta ɗaga kai, ta sunkuya, ta sake ɗagawa.

"Malam, ina tekun?"

"Ga shi nan a dama."

"Ni dai kunnenka nake gani. Kunnenka da hularka. In kunnen nan ne, ai shekara arba'in ina kallonsa, ba sai an hau jirgi ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Murfin tukunyar ya sauka a cinyarsa a hankali. Ya gyara sitiyari a kansa, ya gyara giya, ya gyara hannun da zai bi a titi, amma da ya zo zana tafiyar, hannunsa ya ajiye fasinja inda ya saba ajiye shi shekara talatin da huɗu. A motar can Inna a hagu za ta zauna, shi kuma ya tokare tsakaninta da ruwan. Mai ido biyu zai iya leƙawa ta gabansa ya gani. Ita da ke gani ta kafar makulli, ba abin da za ta samu sai shi.

Ya ce a juya tafiyar, a faro daga ƙarshe. Suka mayar da zanen hagu suka gwada. Yanzu tekun yana jikin tagarta, amma ta gefen mataccen idon, sai ta murɗe wuya gaba ɗaya kafin ta gan shi, kuma minti biyar ba a yi ba ta ce jiri take ji. Ga shi in an juya, gabas za su fuskanta da safe, rana a cikin idonta. In kuma aka mayar da tafiyar bayan azahar, ta faɗa lokacin da idon ya riga ya gaji da wuni. Duk ta inda ya ɓullo, lissafin da ya yi da kyau shi yake tare masa hanya.

Akwai mafita, kuma tun a daƙiƙar farko ya gan ta, don ba a banza ya tsufa a mota ba. Kujerar baya ta hannun dama. Daga nan ba abin da zai tare mata ruwa, taga ce kawai da idonta mai gani. Amma bakinsa ya ƙi furtawa. Wannan ita ce kujerar oga, kujerar mutanen da suka raba shi da gidansa ranar Lahadi da ranar hutu, waɗanda saboda motarsu ya sa matarsa a tasi tana naƙuda. Sau ɗaya tak a rayuwa zai tuƙa ta, kuma ya ce mata ta koma baya? Alkawari kaya ne, shi kuwa ya ɗauki nasa kusan shekara talatin, ga shi an zo wurin saukewa an ce ba nan ba.

Kwana uku littafin yana rufe. Kujerun na nan a tsakiyar falo, ba wanda ya taɓa su, ana zagaye su ana wucewa. Baba Ƙa'ida ya rage cin abinci, ya koma zama a ƙofar gida yana kallon motocin mutane. Inna ta ƙyale shi. Ta san mijinta, in ka tura shi sai ya ja birki.

A rana ta huɗu da hantsi ya shigo ya tarar ta mayar da shuɗin zanen hannun dama, ta zauna a kujerar baya ta wannan gefen, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, jakarta a cinya.

"Direba, ka makara," in ji ta.

Ya tsaya. "Innar yara, ai na yi miki alkawarin gaba."

"Na ji, na kuma yafe. Gaban me? In zauna ina riƙe maka taswira? Malam, shekara talatin da huɗu ina wanke farar rigar nan ina goge ta, kana sawa kana buɗe wa matan wasu ƙofa. Ni ko sau ɗaya ba a taɓa buɗe min ba. To yanzu nake so. Kuma da rigar za ka tuƙa ni, kada ka kawo min wata."

Ta sassauta murya ta ce, "Ni ruwan nan nake son gani, tun ina iyawa. Jiya kalandar ma sai da na matsa sosai kafin na sami dutsen."

Baba Ƙa'ida ya juya ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito da littafin a hannunsa, ya ja layi ɗaya a kan rubutun shafin farko, ya rubuta wani a ƙasansa. Daga nan ya ɗauko farar rigar daga ƙasan akwati, ya ce wannan karon shi zai goge ta da kansa.

Sauran duk ya tafi yadda aka rubuta, in ban da abu ɗaya. Bayan sun sauka a ƙasar can, a shataletalen farko da suka fito daga wurin hayar mota, ya kai hannu zai kunna sigina sai waifa ta hau share busasshen gilashi. Daga baya aka ce, "Direba, ruwa ake yi?" Ya kashe waifar, ƙeyarsa ta nuna ya ji. Auta, da ta rako su bakin gari, ta sauka tana dariya tana share hawaye, ta tsaya a gefen titi har suka ɓace mata.

Ranar farko gonaki suka ratsa har masauki. A safiya ta biyu, ƙarfe tara da kwata kamar yadda littafi ya ce, hanya ta hau dutse ta karya kwana, sai gefen dama ya buɗe. Ya ji ta ja numfashi. Ya ji ƙarar gilashi yana sauka, iska mai gishiri ta cika motar. Hanyar siririya ce, ga kwana a kan kwana, ga manyan motoci na tahowa ta gefen da jikinsa bai yarda da shi ba, ga matarsa a baya. Hannunsa biyu na kan sitiyari, idonsa bai isa ya bar farin layin ba ko na ƙiftawa. Wurin fakin na farko kuwa saura minti ashirin.

"Malam! Ka gani? Ka gan shi?"

"Ban gani ba, idona na kan hanya. Faɗa min."

Sai ta fara. Ta ce ba shuɗi ɗaya ba ne, kusa da dutse kore ne, can ciki kuma har ya fi zanenta duhu. Ta ce motsi yake yi, kalandar ba ta taɓa gaya mata yana motsi ba. Ta ce akwai fararen tsuntsaye suna tsayawa a iska ba sa kaɗa fiffike. Tana faɗa a hankali, tana maimaita wasu, kuma ya gane ba shi kaɗai take gaya wa ba, ajiya take yi don ranar da za ta buƙata. Ya rage gudu har ƙasa da abin da ya rubuta, motoci uku suka jeru a bayansa, bai damu ba.

Da hanya ta ɗan miƙe, Baba Ƙa'ida ya kai hannu ya karkato madubi, abin da bai taɓa yi wa mai zaman baya ba, ya saci kallo ɗaya. Ta kifa haɓa a bakin taga, iska ta ture mata ɗankwali, idon daman nan a buɗe tar yana zubar da ruwa, ba ta ko share shi.

"Ga dutsen can," in ji ta. "Fari ne, Malam. Ashe da gaske ne. Kada ka yi sauri."

"To, ranki ya daɗe," in ji shi, ya mayar da idonsa kan hanya.